Naman Kaza Da Galla

Cikin abubuwan da Allah ya zuba a dajin ƙasarmu akwai biyu da na ke so in jera su gefe da gefe a wannan fili, watau naman kaza irin wanda ke fitowa a gindin suri, da galla, 'yar ƙaramar ƙudan zuman nan marar harbi. Na san waɗansu za su ce, me ya haɗa kifi da kaska? Ɗaya ba ya motsi, ɗaya kuwa ba ta zama wuri guda. Ɗaya akan sa shi a miya, ɗaya akan kore ta daga ido. To, ku yi mini haƙuri, 'yan'uwa, ku biyo ni sannu. Abin da ya haɗa su ya shafi dajin da ke bayan kwalejinmu, ya kuma shafi aikin da mu ke shirin kamawa in mun fita.

Bari mu fara da naman kaza. Waɗansu Hausawa kan ce masa naman ƙasa, wanda ba a ci kuwa akan ce masa laimar kwaɗi. Abokanmu Yarabawa suna kiransa olu, Ibo kuma suna cewa ero, kuma duk wanda ya zauna da su ya san sun fi mu ba shi girma a tukunya. Irinsa da yawa, amma wanda na ke nufi shi ne na suri. Yakan fito ne da damina, in ruwa ya zauna ƙasa ta jiƙa sosai. Yau ka wuce ba ka ga kome ba, gobe da sassafe sai ka tarar da 'yan laimomi sun tsaya cirko-cirko, fari-fari ko ruwan toka, kowace da ɗan tsini a tsakiyar kanta. Kafin kwana 2 ko 3 sun yi laushi, tsutsa ta shiga, shi ke nan sai baɗi.

A garinmu kakata ce gwanar nemansa. Ta san kowane suri da ke tsakanin gonarmu da rafi, ta san mai bayarwa da marowaci, ta kuma san lokacin da kowanne ya ke yi. In za ta cire ba ta fizga. Sai ta sa ɗan sanda ta sassauta ƙasa, ta jawo a hankali, sai ga wata doguwar jijiya ta biyo, wani lokaci ta kusa kamu guda. Waɗanda suka buɗe sarai suka tsufa kuwa ba ta taɓa su. Wata rana na ce mata, "Kaka, don me ki ke barin manyan, ga shi sun fi auki?" Ta ce, "Kai dai, maigidana, ba ka da aiki sai ci. Wanda ya share rumbu har iri, me zai shuka baɗi? Waɗannan na masu gida ne." Masu gidan da ta ke nufi su ne gara.

Da na zo makaranta na tarar masu binciken halitta sun gaskata ta. Naman kaza ba tsiro ba ne irin su dawa da gero, don ba shi da koren ganye, ba ya iya haɗa abincinsa da hasken rana. Dangin funfuna ne, irin wadda ke fitowa a kan tsohon tuwo. Laimar nan da mu ke gani ɗansa ce kurum, kamar yadda mangwaro ya ke ɗan itacensa. Ainihin jikinsa waɗansu zare-zare ne farare, suna can ƙarƙashin ƙasa cikin ɗakunan suri, kuma gara ce ke nomansa da gangan. Ma'aikatanta su kwaso busasshiyar ciyawa da itace, su tauna su haɗiye, sa'an nan su gina wani abu mai ramuka kamar soso da abin da suka kasayar. A kan wannan soso zaren ke yaɗuwa, yana narkar da tauraren abin da cikin gara ba ya iya narkarwa shi kaɗai. Yakan kuma fid da 'yan ƙwayoyi farare kamar gero. Gara ta ci ƙwayoyin, ta ci tsohon soson da ya nuna, ta ƙara sabo a sama. A cikin manyan surin zago zafin ɗakunan nan yakan tsaya wajen digiri 30 dare da rana, watau daidai yadda shukar ta ke so.

Wani masani Bafaranshe, Roger Heim, shi ya raɗa wa wannan dangi suna Termitomyces a 1942, ma'anarsa naman kazan gara. Masana sun ƙiyasta wannan noma ya faro ne a kurmin Afirka wajen shekara miliyan 30 da suka wuce. A ƙasar Zambiya akwai irinsa wanda faɗin laimarsa kan kai mita guda, an rubuta bayaninsa a littattafan ilmi a 1980, kuma ba a san wani naman kaza na ci da ya fi shi girma ba. Doguwar jijiyar nan da kakata ke jawowa ita ce hanyar da ya bi daga ɗakin gara zuwa sarari, ɗan tsinin kuwa da shi ya huda ƙasa. In laimar ta buɗe sai ta zubo da ƙurar iri, wadda ido ba ya ganin ƙwayarta, iska ta watsa. A irin gara da yawa, in shinge sun tashi sun kafa sabon gida, ma'aikatan farko sai sun fita sun tsinto wannan ƙura kafin gonarsu ta kama. In ba su samu ba gidan ba ya rayuwa. Kun ga ashe tsofaffin laimomin nan na masu gida ne da gaske.

Yanzu sai galla. Wanda ya taɓa yin noma ko kiwo da bazara ya san ta, ko da bai san sunanta ba. Ita ce 'yar baƙar aba wadda ke damunka in ka yi gumi, tana sauka a hannu, tana neman gefen ido, ka kore ta ta komo. Gishirin gumi ta ke so. Ƙananan cikinsu ba su wuce milimita 2 ko 3 ba, watau ba su kai ƙwayar shinkafa ba, amma akwai manya da suka kusa ƙudan gida. Ƙudan zuma ce sosai, tana da sarauniya da ma'aikata da maza, sai dai ƙarinta ya dushe, ba ta iya harbi. In an taɓa gidanta iyakarta ta yi cizo, ta shiga gashi, ko ta shafa wa maƙiyi danƙo. Danginta a duniya sun fi iri 500, duk a ƙasashe masu zafi, mafi yawansu a Amurka ta Kudu da ta Tsakiya.

Wanda ya nuna mini gidanta a nan kwaleji tsohon mai lambunmu ne. Ina wucewa bayan tsohon ajin nan na ƙasa sai ya kira ni, ya ce, "Malam ƙarami, zo ka ga maƙwabtanku." Na duba ban ga kome ba sai bango. Ya nuna mini wani ɗan bututu, bai kai kaurin fensir ba, ya leƙo daga tsagar bango, ga 'yan baƙaƙen abubuwa suna shiga suna fita, waɗansu kuma sun tsaya a baki kamar dogarai. Na ce, "Baba, tun yaushe su ke nan?" Ya ce, "Na tarar da su, ɗana, kuma ga alama zan bar su. Ku da ke karatu kun sauya sau nawa, su kuwa suna nan." Ya ce in an yi fentin bango shi kan roƙi masu fenti su tsallake wurin.

Cikin gidan galla ya sha bamban da amya. Ba ta zuba zumarta a saƙa mai kusurwa shida. Takan haɗa kaki da ƙaron itace ta gina 'yan tukwane, waɗansu na zuma, waɗansu na garin fure, ta jera su gefe guda, ɗakunan 'ya'ya kuma gefe guda. Renonta ma daban ne. Ƙudan zuman amya takan riƙa kai wa tsutsarta abinci loto-loto. Galla kuwa sai ma'aikata su cika ɗaki da guzuri, sarauniya ta ajiye ƙwai a kai, a liƙe ƙofa, ba a sāke buɗewa sai ɗa ya fito da fukafukansa. Zumarta ta fi ta amya ruwa-ruwa, tana da ɗan tsami, kuma kaɗan ce ƙwarai, don gidan ƙananan da wuya ya tara lita guda a shekara. Tsofaffinmu sun daɗe suna nemanta don magani. A 2020 masana na Jami'ar Queensland a Ostareliya, tare da abokan aikinsu na Malesiya, sun ba da labarin samun wani irin sukari da ba a cika samu ba, sunansa trehalulose, cikin zumar waɗansu dangin galla na Ostareliya da Malesiya da Brazil, wanda ba ya hanzarin hawa jini kamar sukarin shayi.

To, ina suka yi kama? Na farko, dukansu a ɓoye su ke aikinsu. Laimar kwana 2 da cokalin zuma su ne iyakar abin da ke zuwa hannunmu, aikin shekaru kuwa yana cikin duhu. Na biyu, dukansu 'yan haya ne. Naman kaza ba shi da gida sai na gara. Galla kuma, ban da kaɗan da ke gina gida a sarari a kan reshe, ba ta da wurin zama sai ta sami kogon tsohon itace, ko tsagar bango, ko rami. Abin mamaki ma, akwai irin galla ta Afirka, masana na kiranta Plebeina, wadda kan yi gidanta a cikin suri, ga gonar naman kaza a wannan ɗaki, ga tukwanen zuma a wancan. Na uku, dukansu suna biyan kuɗin haya. Naman kaza da gara su ne masu share daji. A Mokwa, cikin Jihar Neja, wani masani mai suna Collins ya auna aikinsu, ya buga sakamakon a 1981, ya nuna gara kan kwashe wajen kashi 60 cikin 100 na itacen da ke faɗuwa a dajin a shekara. Galla kuwa tana yawo daga fure zuwa fure, tana ɗaukar garin wannan tana kai wa wancan, da haka itace ke ɗaukar 'ya'ya. Binciken da aka yi a Ghana da Burkina Faso ya nuna ita da ƙudan zuman amya su ne manyan masu ziyartar furen kaɗanya. Mai sayar da man kaɗe a kasuwa tana cin guminta ba ta sani ba. Har wa yau, a 2015 an gano wata galla a Brazil wadda 'ya'yanta ke cin wata funfuna da ke tsirowa cikin ɗakin renonsu, in babu ita kaɗan ne ke rayuwa. Ashe noman funfuna ba gara kaɗai aka bai wa ba.

Bambancinsu kuwa shi ya fi damuna. Na farko wajen haɗari. Galla tana da kamar abin tsoro ga wanda ya ji an ce ƙudan zuma, amma ba ta kashe kowa. Naman kaza yana da kamar salihi, amma cikin danginsa akwai masu kisa. A filin ƙwallonmu, bayan ruwan sama, wata farar laima babba takan fito cikin ciyawa, kyakkyawa da ita, da zobe a wuyanta. In ta tsufa ƙarƙashinta yakan koma kore-kore. Wannan ba ta suri ba ce, ba ta da doguwar jijiya, wanda ya ci ta kuwa zai sha amai da gudawa har ya galabaita. A duniya akwai waɗanda suka fi ta sharri, masu lalata hanta, waɗanda alamarsu ba ta bayyana sai bayan awa 6 ko fiye, sa'ad da dafin ya riga ya shiga jiki. Dafuwa ba ta kashe irin wannan dafi. Maganar da a ke yi, wai in ƙwari sun ci to mutum ma zai iya ci, ba gaskiya ba ce. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wanda bai koya a hannun masani na wurin ba, kada ya sa naman kazan daji a bakinsa, kada kuma ya bar yaran makarantarsa su sa.

Bambanci na biyu wajen ɗiba. Mai cire naman kaza ɗan itace ya tsinka. Muddin bai fasa surin ba, ya kuma bar na iri, baɗi zai komo ya samu. Mai neman zumar galla a daji kuwa, da gatari ya ke zuwa. Na sha ganin abin da masu wannan nema kan bari: itace a tsage, tukwane a farfashe, ɗakunan 'ya'ya a zube cinnaka na ja, duk don abin da bai cika ƙoƙo ba. Ƙudan zuman amya in an dame ta takan tashi da sarauniyarta ta sāke gari. Galla ba ta iya haka, don sarauniyarta in ta fara ƙwai cikinta kan kumbura har ba ta iya tashi. Sabon gida ma ba ta kafa shi rana ɗaya. Sai ma'aikata sun nemo kogo kusa da gidan uwa, sun yi makonni suna jigilar kaki da abinci, kana wata budurwar sarauniya ta ƙaura. Saboda haka in gatari ko gobara ta sami gidan galla, yawanci ya tafi ke nan, kuma in babu wani tsohon itace kusa, babu inda za a sāke farawa.

Bambanci na uku wajen kiwo, kuma a nan abin ya juya. Naman kazan suri, duk da daɗinsa da tsadarsa, har yau mutum bai sami hanyar nomansa don kasuwa ba, ko da ya ke ana noman waɗansu irin naman kaza a kan dusar katako. Asirin yana hannun gara. Wanda ya ke son sa dole ya bar suri ya zauna lafiya. Galla kuwa tana karɓar kiwo. Mutanen Maya na ƙasar Meziko sun yi ɗaruruwan shekaru suna kiwon irin tasu cikin gungumen itace mai kogo, tun kafin Turawa su je can. A Ghana, kusa da dajin Kakum, akwai cibiyar da masanan Jami'ar Cape Coast suka kafa musamman don nazarin galla da koya wa manoma kiwonta cikin akwati. Mai akwati yakan buɗe, ya zuƙe zumar daga tukwane, ya bar musu rabonsu, ya rufe, gida na nan lafiya.

In an tilasta mini in zaɓi ɗaya, wajen daɗin baki naman kaza zan ɗauka, don miyarsa ba ta bukatar nama. Amma wajen tausayi galla zan bi, don ita ta fi rauni, ita ce kuma ba ta da mai tsaya mata. Gara aƙalla tana da katanga da sojoji.

Ga inda maganar ta iso ƙofarmu. Duk wanda ya shekara 2 ko 3 a nan ya ga yadda dajin bayan kwaleji ke raguwa. Manyan itatuwa, su kirya da marke da maje, suna komawa buhunan gawayi a bakin hanya, kuma tsofaffi masu kogo a ke fara sarewa, don an ɗauka ba su da sauran amfani. Da rani a cinna wuta don a kama ɓera da gafiya. Suri kuma in an gan shi sai a ɗura masa magani ko a baje shi. Ban ce gara waliyiya ba ce. Ta ci mana littattafai a sito, ta ci azara, takan kuma yi ɓarna a gona. Wadda ta shigo gini lalle a kore ta. Amma surin da ke can tsakiyar daji, wa ya tsone wa ido? Mai gawayi ma ban zage shi ba, abinci ya ke nema wa iyalinsa, mu ne kuma masu saye. Sai dai ya kamata mu san abin da ke cikin buhun da mu ke saye. Wani lokaci har da gidan galla, da 'ya'yan kaɗanyar da ba za a tsinta ba baɗi.

Mu malaman gobe muna da abin yi, kuma ba ya cin kuɗi. Za a tura mu ƙauyuka, za a ba mu darasin nazarin halitta mu koyar. Abu mai sauƙi ne malami ya zana ƙudan zuma a allo, ya sa yara su haddace sunayen gaɓoɓinta, alhali ga galla a bangon ajin ba wanda ya duba. Gani ya kori ji. Mu fita da yara. Su zaɓi suri guda kusa da makaranta, su riƙa dubansa tun daga ruwan farko, su rubuta ranar da shinge suka tashi da ranar da laima ta fito, su zana ta, amma kada su ɗanɗana. Su nemo bututun galla, su zauna minti 5 su ƙirga masu shiga, su lura da masu komowa da garin fure a ƙafa, su gwada safe da rana su ga lokacin da aiki ya fi yawa. Ga lissafi, ga zane, ga rubutu, duk a darasi guda. Mu kuma gayyato tsofaffin garin, maza da mata, su faɗa wa yara sunayen abubuwan nan da harshensu, a rubuta a ajiye, don abin da kakata ta sani game da surin garinmu ba ya cikin kowane littafi, kuma irinta suna ƙarewa.

A nan kwaleji ma ina roƙon ƙungiyar manoma matasa da shugabanninmu su duba ko za a keɓe ɗan yanki na dajin bayanmu, a yi masa iyaka, a share gefensa kafin rani don wuta, a hana sara a ciki. Ko da kadada guda ce ta isa a fara. In an yi haka, ɗaliban da za su zo bayanmu za su sami wurin da za su ga naman kaza a gindin surinsa da galla a kogonta, su tafi su nuna wa nasu yaran. Allah ya ba mu ikon lura da ƙananan bayinsa, ya sa mu amfana da su ba tare da mun rushe musu gida ba, amin.